Karatun Yara da Wayar Hannu: Tambayoyin Iyaye da Malamai a Legas

Ni malamin firamare ne a Agege, da yamma kuma ina taimakawa a wata Islamiyya ta unguwarmu. Waɗannan tambayoyi su ne aka fi yi mini a taron iyaye da malamai da kuma ƙofar masallaci bayan Magariba. Masu tambayar kuwa jama'armu ne: 'yan gwari na Mile 12, mahautan Oko-Oba, masu tireda a Idi-Araba, 'yan canji, matan aure, da malamai 'yan'uwana.

Malam, ni ban yi boko ba, waya ce kawai a hannuna. Ta ina zan fara?

Alhaji, kafin a taɓa wayar, a fara sanin inda yaron yake. Ajin da yake zaune da abin da ya iya ba lallai su zo ɗaya ba. Ka ce ya ɗauko littafin Turancinsa, ka buɗe masa shafin da ba a riga an koya musu ba, ya karanta da ƙarfi. Ko ba ka jin Turanci, kunnenka zai gaya maka: yana tafiya sumul ne, ko yana cije wa a kowace kalma, ko kuwa hoto yake kallo yana cinta. Idan ya gama, ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da labarin ya ƙunsa. Sannan ka gwada shi da lissafin da kai ka fi shi sani: an sayi albasa ta naira 1,350, an ba da 2,000, nawa ne canji? Ya rubuta a takarda, ka ga yadda ya bi.

Wannan shi ne tushen hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna a kanta, wato a koyar da yaro daga inda ilminsa ya tsaya, a bar maganar shekarunsa ko ajinsa. Idan ka gano matsayinsa, sai ka zaɓi manhaja ɗaya tak da ta dace da shi. Cika waya da manhajoji goma ba ya ƙara wa yaro komai, sai ma ya riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan.

Waɗanne ne na kyauta, waɗanne ne na kuɗi?

Na kyauta da suka dace da tsarin karatunmu, na farko shi ne Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Darussansa na firamare da sakandare ne, an jera su aji-aji, kuma akwai na Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ana yin rajista ne kawai, ba a biyan ko sisi.

Khan Academy ma kyauta ce, kuma a lissafi da kimiyya ban ga wadda ta kama ƙafarta ba wajen bin darasi daki-daki da ba da atisaye. Sai dai an tsara ta ne bisa azuzuwan Amurka, saboda haka da sunan darasi za a nema, kamar kasafi ko ninki, kada a nema da sunan aji. Turancin masu bayanin ma na can ne, yaro zai ɗan sha wuya da farko. Tana da ƙanwa ta yara ƙanana, Khan Academy Kids, daga shekara 2 zuwa 8, babu talla a cikinta. Ga ɗaliban kimiyya akwai PhET na Jami'ar Colorado, inda yaro zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar waya, ya ga abin da zai faru idan ya ƙara ƙarfin wuta. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana samun sauƙi sosai da shi.

A na kuɗi, wanda aka fi sani shi ne uLesson, kamfanin Nijeriya da Sim Shagaya ya kafa a 2019. Malamansa 'yan ƙasa ne, darussan kuma sun bi abin da ake tambaya a jarrabawarmu. Shawarata ita ce kada a biya kuɗin shekara tun farko. A fara gwada waɗancan na kyauta har wata guda. Yaron da bai zauna da na kyauta ba, biyan kuɗi ba zai zaunar da shi ba.

'Yata tana aji huɗu amma har yanzu ba ta iya karatu ba. Ko ƙwaƙwalwarta ce?

Hajiya, da wuya ƙwarai a ce ƙwaƙwalwa ce, kuma ina roƙonki kada ki faɗi haka a gabanta. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don ita ce uwar sauran.

Dubi abin da muke ɗora wa yaron Bahaushe a Ikko. A ɗaki Hausa yake ji. Yana fita ƙofar gida, Yarbanci ne da Turancin buroka. A makaranta malama tana yi masa Turanci, wani lokaci ta fassara da Yarbanci don yawancin ajin shi suke ji. Da yamma ga Larabci a Islamiyya. Yaron da ke juya harsuna huɗu a yini ba daƙiƙi ba ne. Matsalar ita ce an nemi ya koyi abu biyu a lokaci ɗaya: yadda ake mayar da rubutu ya zama sauti, da kuma harshen da rubutun yake ciki. Sai ya koma haddace shafi yana rerawa tare da aji, malama ta ɗauka ya iya, a ciyar da shi gaba. Sai an kai aji huɗu, inda littattafai suka yi kauri, asiri ya tonu.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba masa aikin kashi biyu. A koya masa haɗa baƙi da wasali da Hausa tukuna: ba, bi, bu, ka, ki, ku, sannan baki, kaka, kifi. Rubutun Hausa yana bin furuci kusan sak, abin da ka gani shi za ka faɗa, saɓanin Turanci inda harafi ɗaya yake da sauti iri-iri. Yarinyar da ta karanta "kaza ta sha ruwa" ta kuma gane da kanta abin da ta karanta, ta riga ta fahimci mene ne karatu. Wannan fahimtar za ta tafi da ita cikin Turanci, ba sai an sake koya mata ba. Iyaye da yawa suna tsoron kada Hausa ta ɓata wa yaro Turanci. Ni a aji akasin haka nake gani.

Littattafan yin wannan suna nan kyauta. African Storybook, na wata cibiya a Afirka ta Kudu mai suna Saide, yana da labaran yara masu hotuna da Hausa. StoryWeaver na Pratham Books ma haka. Duka biyun sun rarraba labaran mataki-mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai sakin layi, kuma ana iya sauke su a karanta ba tare da data ba, ko a kai shagon buga takardu a fitar. Labari ɗaya yakan zo da Hausa da Turanci, sai a karanta na Hausa yau, na Turanci gobe. Malamai kuma su nemi littattafan Mu Karanta da aka yi wa makarantun Bauchi da Sakkwato, tsarin jera haruffansu yana da kyau. A ɓangaren Turanci, a nemi waƙoƙin Jolly Phonics, masu koyar da sautuka 42, waɗanda makarantu da yawa a nan suke amfani da su.

Minti goma sha biyar kullum ya isa, in dai da babba a gefe yana saurare. Idan an yi zango guda ba a ga motsi ba, a kai ta a duba idanunta da kunnuwanta. Akwai yaran da allo ne ba sa gani daga inda aka zaunar da su.

Data tana da tsada, wuta kuma sai an ga dama a kawo. Yaya za a yi?

Bidiyo ne yake cinye data, rubutu da sauti ba sa ci sosai. A YouTube, a shiga saiti a rage ingancin hoto zuwa 360 ko 240. Darasin lissafi yana fitowa sarai a haka. Abin da ya fi shi ne a sauke darussan mako gaba ɗaya lokacin da aka sayi datar dare, wadda kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa, ko inda aka samu wayifai. Da rana sai a kashe data gaba ɗaya a miƙa wa yaro wayar. Ribar biyu ce: kuɗi bai tafi ba, yaron kuma ba shi da hanyar zamewa zuwa wani wuri.

A kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, don zaurukan 'yan uwa da na gari suna shanye data ba a sani ba. Gidan haya mai ɗakuna da yawa kuwa, mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko a katin memori. Makaranta mai tsohuwar kwamfuta ko da guda ɗaya ce tana iya sa Kolibri ko Kiwix. Na farko yana ajiye darussa ne, na biyu kuma yana ajiye Wikipedia, duk a buɗe su ba intanet. Maganar wuta kuma, ƙaramin abin ajiye caji ko fitilar sola mai ramin caji ya wadatar.

Ina fita kasuwa kafin Asuba, ba na dawowa sai bayan Isha'i saboda cunkoso. Wa zai sa ido?

Wannan halin yawancinmu ne, kuma ba zan ce ka bar neman abinci ba. Amma manhaja ba ta tambayar yaro ko ya gane. Dole a samu mutum. Uwar gida ce, ko yaya, ko ɗan maƙwabci da ya gama sakandare yana jiran sakamako. Wasu gidaje a unguwarmu suna haɗa kuɗi kaɗan su ba irin wannan matashi, ya tara yara biyar ko shida bayan La'asar da waya ɗaya. Ya fi a ba kowane yaro waya a rufe shi a ɗaki.

Naka aikin shi ne littafi. Ka saya masa littafin rubutu na musamman, duk abin da ya kalla ya rubuta kwanan wata da sunan darasin da atisaye uku da ya yi. Ko da ƙarfe goma ka shigo, ka buɗe ka gani. Ranar Lahadi ka ce ya koya maka abu ɗaya daga ciki. Yaro idan ya san mahaifinsa zai tambaya, zamansa daban ne.

An ce malaman gwamnati a Legas da ƙaramar kwamfuta suke koyarwa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a firamaren gwamnati. Shirin EKOEXCEL ne, wanda gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta fara a 2019 ƙarƙashin hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha. Malami yana riƙe da kwamfutar hannu da aka loda wa darasin ranar, yana bi mataki-mataki, ana kuma ganin zuwansa da yadda ya kammala. Amfaninsa ga iyaye shi ne darasi yana da tsari, kana iya tambayar malama abin da ake yi a wannan makon ka nemo irinsa a gida. Inda nake da damuwa shi ne darasin da aka rubuta wa dukan jiha ba ya tsayawa jiran yaron da ya zo daga Funtuwa ko Illela watan jiya ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Irin wannan yaro sai an tallafa masa a gida.

Dole ne yarona ya yi Yarbanci a makaranta?

Tun 2018 akwai dokar jiha da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun Legas, na gwamnati da masu zaman kansu. Kada ku ɗauke shi a matsayin nauyi. Yaron da zai girma a nan, ya yi ciniki a nan, harshen maƙwabtansa jari ne a gare shi. Idan kuma kuna so ya riƙe Hausarsa a rubuce, Hausa darasi ce da ake zanawa a WAEC da NECO da JAMB, sai dai samun malaminta a Legas yana da wuya. A gida, ya riƙa karanta muku labarai daga shafin BBC Hausa ko Aminiya da ƙarfi, kuna gyara masa.

Ɗana zai zana WAEC da JAMB. Me ya kamata ya riƙa dubawa?

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, hukumar WAEC da kanta tana da sashen koyo a shafinta, inda take sa tambayoyin shekarun baya tare da rahoton manyan masu duba takardu. A rahoton ne ake faɗin inda ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya da abin da ake so a gani a amsa. Wannan ya fi kowane littafin tambayoyin baya da ake sayarwa a bakin titi daraja, don daga bakin masu ba da maki yake fitowa. Abin da ake nema don shiga jami'a shi ne kiredit biyar, da Turanci a ciki, yawancin kwasa-kwasai kuma har da Lissafi.

JAMB kuwa tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Saboda haka sanin amsa kaɗai bai isa ba, sai an saba da agogo. Ya fara sauke silabas daga shafin JAMB don ya san iyakar abin da za a tambaya, da kuma haɗin darussan da kwas ɗin da yake so yake buƙata. Yara da yawa sun rasa gurbi saboda kuskuren haɗi, ba don sun faɗi ba. Sannan ya riƙa atisaye da manhaja mai ƙidayar lokaci.

Abu ɗaya da waya ba za ta ba shi ba shi ne sabo da kwamfuta ta gaske. Yaron da bai taɓa zama gaban allon dannawa ba yakan rikice ranar jarrabawa. A biya masa ya shiga gwajin share fage da JAMB take shiryawa, ko ya je shagon kwamfuta ya yi atisaye, ya san cewa A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya. Rajista kuma sai da lambar NIN, kuma a cibiyar da hukumar ta amince da ita. A yi amfani da layin waya na yaron ko na gida wanda ba za a yar ba, don da shi za a riƙa samun saƙonni har a gama neman gurbi.

Ana turo wa yara saƙo cewa a biya a samu amsoshi kafin jarrabawa. Fa?

Kada ku biya, kada ku bari a saka shi a irin waɗannan zaurukan. Yawanci damfara ce, da an karɓi kuɗin sai a toshe lambar. Idan ma an kama yaro da satar amsa, ana riƙe sakamakonsa ko a soke. Haka masu cewa za su ƙara masa maki bayan an fito da sakamako. Bayan haka, mu da muke tura yaro Islamiyya ya koyi cewa ha'inci haramun ne, bai kamata a ce daga aljihunmu kuɗin ha'incin ya fito ba.

Manhajar Alƙur'ani za ta iya maye gurbin malam?

A'a. Alƙur'ani daga baki ake karɓarsa, malam ya ji furucin yaro ya gyara masa mafitar harafi. Manhaja tana karanta maka, amma ba ta san ka mayar da "ha" mai ƙarfi ta zama mai sauƙi ba. Inda take da amfani shi ne tilawa da maimaici tsakanin darasi da darasi: a sa aya ta maimaitu sau da yawa, yaro yana bi. Karatun Sheikh Mahmud Khalil Husari ya dace da masu koyo saboda natsuwarsa.

Ga wani abu da yake rikita gidaje da yawa. Makarantun allo na gargajiya da ruwayar Warshu suke karantarwa, yawancin Islamiyyu da kusan duk manhajoji kuma Hafsu ne. Tun daga Fatiha bambancin yake fara fitowa: Warshu yana cewa "maliki", Hafsu yana jan ta "maaliki". Rubutun ma ya bambanta, don a na allo ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Yaro zai dawo ya ce malam ya yi kuskure, alhali duka biyun ingantattu ne. A tambayi malamin ruwayar da yake bi, a nemo irinta. Mai son ma'ana kuma, fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana cikin Quran.com da manhajoji da dama.

Wa'azi da fatawa kuwa, kada a sake wa yaro su ya bi duk wanda YouTube ya jefo masa. Ku zaɓa masa malaman da kuka sani.

Ni malama ce a makaranta mai zaman kanta, ba a taɓa tura mu horo ba. Ina zan ƙaru?

Malama, halin da yawancinmu muke ciki ke nan. Ki fara da TESSA, kayan horar da malamai da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta shirya tare da cibiyoyin Afirka, akwai kuma wanda aka daidaita da Nijeriya. Abin da ya sa nake son su shi ne sun san irin ajinmu: yara cike maƙil, ba wuta, ba kayan aiki. Za ki ga yadda ake koyar da ƙidaya da murafen kwalba, da yadda ake raba aji rukuni-rukuni ba tare da hayaniya ta ƙwace ba. Don Turanci, shafin TeachingEnglish na British Council yana da tsararrun darussa. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, kuma ta saki littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta, har da na sashen ilmi, ko ba ɗalibarta ba ce ke kina iya saukewa.

Idan takarda kike nema, NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin ta daga nesa. Mai digirin da ba na koyarwa ba sai ya yi PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri. Bayan nan akwai rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda take da jarrabawarta ta kwamfuta.

Gargaɗina ɗaya: shirin darasi da ake saukewa daga shafuka barkatai, a gwada shi da tsarin hukumar NERDC mai tsara abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan, da kuma jadawalin zango na jihar Legas kafin a shiga aji da shi. Wasu tsofaffi ne, wasu cike suke da kurakurai da aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu. Kuma misalan ciki ki mayar da su na yaranki. Lissafin kashi cikin ɗari ya fi shiga idan da ribar kwandon tumatir aka yi shi.

Yara suna sa ChatGPT ya yi musu aikin gida. A hana su?

ChatGPT manhaja ce da ke rubuta wa mutum amsar abin da ya tambaya. Tun fitowarsa a Nuwamban 2022 muke ganin aikin gida mai Turanci tsaf daga yaran da ba sa iya karanta abin da suka kawo. Ɗan firamare ba shi da abin yi da shi. Ɗan babbar sakandare kuwa hana shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba, sai dai a sa masa ƙa'ida: ya fara yin aikin da kansa, sannan ya tambaya a nuna masa inda ya kuskure, ko a sake masa bayani da sauƙi. Ya kuma san cewa irin waɗannan manhajoji suna faɗin abin da ba daidai ba da cikakken ƙarfin gwiwa, musamman a tarihinmu da addini da Hausa. Hadisi ko aya ba a ɗauka daga gare su sai an duba asali. Ga malamai, maganin mai sauƙi ne: duk wanda ya kawo aiki, ya tashi ya yi bayanin sakin layi ɗaya da bakinsa.

Tsorona kada garin neman ilmi yaro ya faɗa wani abu. Wane mataki zan ɗauka?

Tsoronki a kan hanya yake. Intanet kamar kwandon tumatir ne da ya kwana a mota daga Arewa, mai kyau da ruɓaɓɓe a haɗe suke, sai an zauna an tsince. A wayar Android akwai Google Family Link, kyauta: da shi za ki ƙayyade awannin amfani, ki hana sauke manhaja sai da izininki, ki kulle wayar daga taki idan lokacin barci ya yi. Ga ƙanana, YouTube Kids ya fi babban YouTube tsabta, kodayake shi ma ba a sakin jiki da shi. Facebook da TikTok su da kansu sun ce sai mai shekara 13, amma ga 'yan aji uku da shafukansu, da yawa ma iyaye ne suka buɗe musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. A yi karatun a tsakar gida ko falo inda ake wucewa. A kula da manhajojin caca ta ƙwallo, don su ne suka fi cin samarinmu yanzu. Sannan ki ja 'yarki a jiki ta yadda idan baƙo ya turo mata saƙo ko ya nemi hotonta, ke za ta fara gaya wa. Yarinyar da ta san duka za ta sha a ƙwace wayar, ɓoyewa za ta yi.

Waya ɗaya ce a gidan, yara maza ne suke riƙe ta. 'Yan matan fa?

Wannan ina ganinsa kusan kowane gida, kuma yana ci mini rai. Namiji ya dawo makaranta ya ɗauki waya, mace ta ɗauki tsintsiya, ko tire. A ajina kuwa sau da yawa 'yan matan ne a gaba, har zuwa lokacin da aiki ya fi ƙarfinsu. A rubuta jadawali a manna a bango, kowa da rabin awarsa, kuma lokacin yarinya ya zama lokacin da aka ɗauke mata aike da wanke-wanke. Unguwanninmu suna buƙatar ungozoma da malamai da likitoci mata masu jin Hausa, kowace mace da ta je awo a asibitin Legas ta san haka.

In saya masa kwamfutar hannu ta yara?

Ba dole ba ne. Tsohuwar wayar Android mai batir lafiyayye ta isa duk abin da na lissafa. Idan za ka saya a Computer Village da ke Ikeja, ka tafi da wanda ya san kan abin, ka duba girman ma'ajiya kada ta gaza gig 32, ka kunna ka gwada caji da lasifika a gabansu, ka karɓi rasit. Irin kwamfutocin yara masu launi-launi da ake tallatawa cewa an loda musu darussa dubbai, da yawa wasanni ne a ciki, kuma ba sa jure faɗuwa. Idan kuɗin bai kai ba, littattafan makaranta na bana da tabarau ga mai buƙata su ne a gaba.

Ni kaina ina so in koyi karatun boko, ko na makara?

Ba ki makara ba, Hajiya. Waɗancan labaran Hausa na matakin farko da na ambata, ki fara da su tare da 'yarki, ita tana karanta shafi kina karanta shafi. Wadda ta yi allo ta riga ta san haɗa baƙi da wasali, haruffan ne kawai sababbi, kuma daga hagu ake farawa. Jihar Legas tana da hukumar yaƙi da jahilci mai azuzuwan manya, wasu Islamiyyun matan aure ma sun ƙara awa ɗaya ta boko da lissafi bayan darasin safe. Ki tambayi shugabar taku ko za a buɗe irinsa. Idan mata goma suka nuna suna so, samun malama ba zai yi wuya ba.